Baba Ang da Mujallun Girki

Duk Asabar, kafin romona ya tafasa, sai Baba Ang ya wuce ta ƙofar shagona na taliya a kan kekensa, ya nufi wurin masu sayen tsoffin takardu a bayan kasuwarmu ta birnin Tainan. Tsohon direban bas ne, ko ƙwai bai iya soyawa ba, amma mujallun girki yake bi yana tonowa.

"Baba, yau miyar me za a koya mana?" in ce masa.

"Wadda ta fi taki, A-Kim," ya ce, ya yi gaba abinsa.

Ba girkin ne ya dame shi ba. Zamanin mulkin soja, in an hana mujallar 'yan adawa fita, masu sayarwa sukan shafa kunun shinkafa su manna mata bangon mujallar girki. Shi zanen da ke ƙarƙashi yake so, inda ake yi wa manya shaƙiyanci. Ya tara duk fitowar wata mujalla, Fitilar Tasha, saura ɗaya da aka kwashe tun daga maɗaba'a. Tun gashinsa na baƙi yake nemanta.

Ran nan sai ga shi ya jingine keke, riƙe da wata mujalla. Hoton soyayyen kifi a sama, amma ciki ita ce wadda yake nema.

"Ara mini tururinki in ɓare bangon."

"Haba Baba! Ba ka da buta a gida?"

"Butata ba ta da hankali. Ke kin san wuta."

Kai! In tururi ya yi yawa, tawada ta narke, kuma ba wata irinta a duniya da muka sani. Na sauke romo, na ɗora ruwa, na rage wuta, masu jiran taliya suna ta mita na ce su je su kai ƙara. Shi kuwa yana ɗaga bangon da tsinken gora, kaɗan-kaɗan, ko numfashin kirki ba ya yi.

Hoton kifi ya ɗago. Ga wani ɗan firit ɗin janar, hular soja ta haɗiye shi har gwiwa, takalma kawai ake gani. Ko ɗigo bai ɓaci ba. Baba Ang ya yi dariya har da hawaye, ni ma daɗi ya kama ni.

Na zuba masa taliya. Ya zauna ya daɗe yana kallon zanen.

"A-Kim," ya ce, "to ran Asabar ina zan je?"

Na ce ya ci kafin ta huce.