Garin da Baba Tukur ya ƙi karɓa

Baba Tukur manomin auduga ne a ƙauyenmu kusa da Hasahisa, a Sudan. Da yaƙi ya watsa mu, daga Damazin yake aiko kacici-kacici shafin 'yan ƙauyenmu na intanet, wanda nake kula da shi. Matasanmu da Larabci ya cinye wa Hausa kullum sai su dame ni: in an kasa amsa, yaya ake yi? Haba! Ka ce "na ba ka gari kaza", ya faɗa maka.

Na ƙarshen da ya aiko ya gagari kowa. 'Yarsa Ramla ta rubuta: "Baba, na ba ka ƙauyenmu."

Ya ce, "Ba na karɓar kango."

Bayan kwana biyu aka binne shi da amsarsa.