Kujerar daktor da bayana

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in rubuta, don ina tsoron kada ta zama gulma. Matata ce ta ce in faɗa in huta.

Shekarun baya, lokacin da ake tare motoci ana kwashe samari zuwa aikin soja, ina aiki a iyada, wato ɗan asibitin wani likitan haƙori, kusa da kasuwar Gadarif. Yankan dawa a Gadambaliya ya riga ya cinye mini baya. Aikina dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, idan kuma an ɗauke wuta, in sunkuya a gefen daktor da tocila ina haska bakin mara lafiya, wani lokaci har azahar.

Wata rana wata daktora ta zo daga Khartum da kyamara da wani ma'auni mai kama da almakashi, tana auna yadda likitocin haƙori suke zama a bakin aiki. Ta auna wuyan daktor, ta auna kafaɗarsa, ta tambaye shi ina ke ciwo. Ni ina gefe, zuciyata tana tafasa. Shi fa a zaune yake!

Da ta ɗaga kyamara sai kunya ta kama ni, kada a kai hotona Khartum a karkace a ce iyadarmu ba tsari. Na cije na miƙe sambal, ƙuguna yana zogi.

"Ma sha Allah, ya Hajj!" in ji ta. "Daktor, haka ake tsayuwa. Kai kuwa, Hajj, ba abin da ke damunka, ko?"

Na ce, "Alhamdu lillah."

Ba a jima ba aka kawo wa daktor sabuwar kujera mai majingina. Ni nake goge ta kowace safiya. Sau ɗaya na zauna a kai, na zabura ina istigfari.

Da na ba matata labari, dariya ta yi har da hawaye. "Malam, an zo auna masu ciwo, kai ka tsaya ɗaukar hoton biki?"

Daktor bai zalunce ni ba, wuyansa da gaske yake ciwo. Bakina ne ya ce lafiya lau. Amma har yau idan na ga irin kujerar nan sai in kau da kai.

Don Allah, wanda ya sani ya gaya mini: ana yi wa masu tsayuwa a gefen likita irin wannan awon? A ina? Wannan karon ba zan miƙe ba.