Tukwanen Gindin Tsamiya da Asma'u Ta Tsare

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin buɗe shago. Asma'u ta rasu. Kafin ƙanwarta ta samu layina an riga an yi mata salla a Nassarawo, an kai ta.

Na zauna in rubuta abin da ya faru yau kamar yadda nake yi kullum, hannuna ya ƙi. Shi ya sa na zo nan shafina na intanet. In na yi kuskure a wani wuri, waɗanda suka fi ni saninta su gyara mini.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Rahila mai shagon taifin da fotokwafi a Sangere. A shagon na san ta, shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Yola. Ta kawo aikin digirinta na biyu in buga mata. Karatunta akiyoloji ne, wato tono tarihi daga ƙasa, kuma ɓangaren da ta zaɓa shi ne yadda mutane ke binne matattunsu. Na buɗe fayil ɗin na ci karo da hoton ƙoƙon kan mutum, sai na ajiye ƙosan da nake ci.

Ta yi dariya ta ce, "Adda Rahila, ci abinki. Wannan ya fi duk kwastomominki haƙuri, ba zai taɓa cewa ki yi sauri ba."

Haka take.

Lokacin da mahaifiyata ke kwance, ita ke kawo kunun gyaɗa a filas, ta zauna ta ba ta da cokali. Duk Kirsimeti tana cikin masu fara zuwa gidana a Damilu, ta ci shinkafa, ta ce a kankaro mata ƙanzo. In na yi kuskure a taifin ba ta cewa na yi kuskure, sai ta ce, "Adda, kwamfutarki ta sake yi mana rashin kunya."

Yanzu ga abin da ke tayar mini da zuciya.

A unguwarsu "mai ƙasusuwa" ake kiranta. Akwai matan da in ta aika musu naman Salla sai su mayar. Akwai wadda ta wanke kofi da omo a gabanta saboda Asma'u ta sha ruwa da shi. An ce tana sayar wa matsafa sassan mutane. Wasu 'yan cocinmu ma sun ja ni gefe suna tambaya ko ba na tsoron barinta a shago. Yau na duba waya, ga su nan sun jera hotonta, kowa yana rubuta "mutuniyar kirki". Wataƙila bai dace in faɗi haka ranar rasuwa ba, na goge na sake rubutawa, amma na bar shi.

Wannan ma ƙarami ne a kan abin da na gani yau.

Lokacin gudun hijira, wasu mutanen ƙauyukan kan duwatsu sun zauna a gonakin bayan Sangere. Ciwo da baƙin ciki sun kashe musu mutane. Ba su san wanda za su roƙa wuri ba, sai suka riƙa binne su a gindin wata tsamiya a gefen gona. Damina ta baje tudun kaburburan tuntuni. Abin da ya rage shi ne al'adarsu ta gida: tukunyar da mamaci ke amfani da ita, a huda gindinta, a kifa ta wajen kansa.

Mu 'yan gari mun ɗauka shara ce. Ni kaina na sha wucewa ta wurin ina ganin bola ce. Asma'u ce ta tsaya ta duba, ta gane.

Ta ce mini, "Mu a cikin kabari muke jera tukwane, ku kuna kafa giciye, su a sama suke kifawa. Magana ɗaya ce kowa ke yi: akwai mutum a nan."

Ina so masu cewa tana tonon kabari su ji da kyau. Ko ƙasa cikin cokali ba ta taɓa ɗauka a wurin ba. Zama take yi da tsofaffin tana tambayarsu wa ke ina. A nan ta saba da Mama Kwanye, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa kusa da shagona. 'Yan'uwanta sun koma gida da abubuwa suka lafa, ita ta ƙi, domin mijinta yana gindin tsamiyar nan.

Sai aka sayar da gonar ga wani mai gina ɗakunan haya na ɗalibai. Ba zan kama sunansa ba. Asma'u ta yi ta zirga-zirga wurinsa har ya gaji. A gabana ya ce mata, "Malama, fasassun tukwane ne fa. Amma tunda kin nace, na bar miki wannan kusurwar."

Haɗuwarmu ta ƙarshe a wurin ce, bayan ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta. Ta zo a Keke Napep, ƙafafunta a kumbure, ta dafa kafaɗata muka zagaya. Tana nuna mini: mai baƙin bakin nan ta mijin Mama ce, 'yar ƙaramar ta wata jaririya ce, mai zane a wuya ta wani malamin firamare. Na ce mata kaina ba zai riƙe ba, ni a sakandare na tsaya.

Ta ce, "Adda, ba jarrabawa ba ce. Ki dai riƙa leƙo su."

Yau da na ji rasuwar, na rufe shago na tafi in gaya wa Mama Kwanye. Ba ta wajen tirenta. Na same ta a gindin tsamiya. Tifa ta juye yashi a kusurwar. Leburori sun kwashe tukwanen sun zuba a baro tare da ledoji da gwangwanaye.

Na tambayi shugaban leburorin me ke faruwa. Bai ko ji kunya ba, ya ce, "Madam, Oga ya bugo ya ce mai maganar ta mutu, mu ci gaba."

Wato mai ginin ya riga ni jin labarin. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, abin da ya fara tunawa ke nan.

Don gaskiya, leburorin ba su sani ba. Da na ce musu mutane ne kwance a ƙarƙashin yashin, wani dattijo cikinsu ya yar da shebur ya ce, "Subhanallahi! Wallahi ba a gaya mana ba." Sauran suka bi shi. Su ne ma suka taya mu janye yashin.

Mama ta ciro mai baƙin bakin daga baro ta rungume. Da Hausarta ta ce, "Wannan nawa ne. A kai na ɗauko shi daga gida, muna gudu."

Muka mayar da tukwanen. Wasu na tabbata da wurinsu. Wasu kuwa na tsaya da su a hannu ina ta juyawa, na kasa tuna ko dama Asma'u ta nuna ko hagu. Na fara kuka, na ce kada in kifa wa wani tukunyar wani.

Mama ta ce, "Sa kawai, 'yata. Su sun san juna."

Na sa.

An ce gobe za a kawo wasu leburori. Ni da Mama za mu kasance a gindin tsamiyar tun da safe. Ban san ko mace mai shagon fotokwafi da tsohuwa mai gyaɗa za su iya tare tifa ba. Duk wanda ya ɗora hotonta yau, in da gaske yake, ya san hanyar Sangere.

Allah Ya jiƙan Asma'u, Ya yafe mata, Ya sa kabarinta ya zama wurin hutu, Ya tsare shi kamar yadda ta tsare na bayinSa da ba su da kowa. Ya ba mahaifiyarta da ƙannenta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, Musulmi a sallarsa, Kirista a tasa. Ku haɗa da mutanen gindin tsamiya.