Tauraruwar da Sani Wanzam ke gwada ido da ita

Muhammad Sani ne wanzamin garin Wanke, kuma shekara ashirin bai yarda likita ya leƙa idonsa ba. Yana da nasa ma'aunin: wata 'yar tauraruwa ja-ja tsakanin wasu guda biyu, saitin kukar bayan gidansa. Da an idar da sallar asuba sai ya tsaya ya tsura mata ido. In ta fito tar, ya rataya zabirarsa ta aski ya shiga gari. In ta yi dishi-dishi, sai ya ce idonsa ya tafi, ba zai yanke kunnen ɗan mutane ba.

Haka yake makancewa na wasu watanni kusan kowace shekara. Matarsa Delu ta ja shi da sanda zuwa masallaci, alhali a hanya shi ke ce mata ta kauce wa kunama. Maza su tara suma, masu jego su kai jarirai har Magami don askin suna. Can sai tauraruwar ta soma haske, Sani ya warke, a yi ta zuwa barka ba wanda ke ko murmushi.

Da 'yarsa Nusaiba ta fara koyar da kimiyya a Gusau, sai ta sa abin a gaba. Ta duba taswirar sama a wayarta, ta ce tauraruwar ce da kanta ke haske tana dusashewa, masana ma sun san irinta, idonsa lafiya lau. Sani ya ji haushi ƙwarai. Makantar shekara ashirin, yarinya za ta ƙwace masa da waya! Ya ce ta zo lokacin warkewarsa su duba tare.

Bana ta zo. Tauraruwar ta yi hasken da Delu ma ta hango ta daga bakin murhu. Sani ya murza ido, ya sake murzawa.

"Baba, ga ta can tar," in ji Nusaiba.

Ya tambaye ta sauran taurarin biyu fa, ta ce suna nan. Shi ko ɗaya ba ya gani. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a duk makantarsa ta baya, ga kuma askin suna na jiran sa da hantsi.

Ya sauke zabirar daga kafaɗa ya miƙa mata.

"Hwaɗa ma innakki ta ɗauko sandar nan," ya ce. "Yau ta riƙa da kyau."