Tafin Hannun Baba a Kan Rediyo

Mahaifina ladan ne a ƙaramin masallacin lungunmu a unguwar Tandabawi da ke Makka, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya duba agogo kafin kiran salla ba. Tsayawa yake gaban lasifika ya kasa kunne, sai ladanin Harami ya ɗaga murya sannan ya biyo baya. Haka ya gada wurin kakanmu, wanda ya tako daga Kano da ƙafa ya zo aikin hajji bai koma ba. A wurinsu rashin kunya ne ƙaramin masallaci ya riga Ɗakin Allah buɗe baki.

Da kunnensa ya fara mutuwa ba mu lura ba, domin dama Baba abin da ya ga dama yake ji. Sai wata rana cikin azumi wani amo ya taso masa a kunne, ya zaci Harami ne, ya kira magariba rana ba ta gama faɗuwa ba. Tsofaffin lungu suka kai dabino baki. Suna cikin taunawa Harami ya kira. Ranar ruwa kawai Baba ya kurɓa, ya shige ɗaki.

Dattawan masallaci suka same ni, suka ce bayan ƙaramar salla za su ba wani matashi lasifikar. Abin da ya ƙona min rai shi ne ni suka samu, ba shi ba. Mutumin da ke tashin su asuba tun ba su da furfura, amma aka rasa mai kallon idonsa ya faɗa masa. Na sayo masa agogon da ke walƙiya idan lokaci ya yi, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ce shi ba agogo yake amsa wa ba.

Ni direban tasi ne. A kwanakin nan na ɗauki wani Baturke mazaunin Jamus da ya gama umara, zan kai shi filin jirgin Jidda. Da muka fita iyakar Harami ya nemi izinin sa kiɗa a wayarsa. Na so in hana, ɗan ladan ne ni, amma na bar shi. Kiɗan goge ne da bushe-bushe na Turawa. Ya fara can ƙasa kamar ana raɗa, sannan ya taso ya cika motar har na ji shi a sitiyari. Cikin gurgun Larabcinsa ya gaya min wani Bajamushe ne ya tsara shi tun zamanin da, kuma a lokacin ya riga ya kurumce. An ce yakan ciji sanda ya dogara ta a jikin abin kiɗansa, piyano, sautin ya bi ta haƙoransa. Ranar da aka fara kaɗa wannan kiɗan a bainar jama'a ya ba mutane baya, sai da aka juyo shi ya ga ana ta tafi. Na dawo Makka ban ɗauki kowa ba.

Sai da na kafa baki a kunnen Baba kafin labarin ya shiga. Ya ɗaure fuska.

"Ya waladi, ɗana, da makaɗi za ka haɗa ni?"

Can ya tambaya ko mutumin ya ci gaba da aikinsa. Na ce har ya mutu.

Na ɗauko tsohon rediyonsa, na kamo tashar da ke kawo sallar Harami kai tsaye, na ƙure murya, na ɗora tafinsa a kai. Kwana da kwanaki yana koyo: shirun da ke zuwa kafin kira, sannan doguwar girgizar kabbara. Rediyo yakan ɗan makara, hakan kuwa ya yi mana daidai.

Na roƙi dattawan su bar masa magariba ɗaya, suka yarda da ƙyar. Ya tsaya gaban lasifika, ido a rufe, hannu a kan rediyo. Harami ya kira, kowa ya ji ban da shi. Sai yatsunsa suka motsa, ya ja numfashi, ya ɗaga murya. Muryar ta karkace, domin ba ya jin kansa, kuma na ji tausayinsa har na kasa amsa kiran.

Da ya idar bai juyo ba, ya ci gaba da fuskantar alƙibla. Na dafa kafaɗarsa na juyo shi. Tsofaffin nan suna zaune da dabino a hannu, ba wanda ya kai baki duk da Harami ya riga ya kira. Nasa suka jira.

Ba a sake zancen matashin ba har Allah ya yi wa Baba rasuwa. Amma a ranar ko kallon su bai tsaya yi ba. Hannuna ya damƙe.

"Faɗa min gaskiya. Na riga Harami?"

Na sa baki a kunnensa na ce, "A'a, Baba. Bayansa ka bi."