Ƙarfe Takwas na Wace Ƙasa?

Yayana mai rubuta manhaja ne a wani kamfanin motocin safa, kuma wallahi in na tuna yadda ya ɗaure kansa da hannunsa sai raina ya ɓaci. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a bayan wurin sayar da tikiti, fanka ɗaya, kwamfuta biyu, sai kujerar da ta lotsa daidai jikinsa.

Tun yana sabon ɗauka aka ce ya rubuta abin da zai riƙe lokacin tashin kowace mota. Ya sa shekara, wata, rana, awa, har da minti, amma bai nuna agogon wace ƙasa ne ba. Lokacin a ƙasa ɗaya suke aiki, wa zai damu? Sai kamfani ya bunƙasa, motoci suka fara tsallaka iyaka zuwa inda agogo ya bambanta. Tikiti ya ce ƙarfe takwas, fasinja ya zo takwas ɗin ƙasarsu, mota ta riga ta tashi a takwas ɗinmu. Yaya kaɗai ya san wanne ne wanne, kullum da hannu yake gyarawa kafin a buɗe tasha.

Matarsa malamar jinya ce, an mayar da ita wani gari mai nisa, ta tafi da jaririyarsu. Kamfanin na da reshe a can. Duk sanda ya nemi canji sai manaja ya ce, "Gyara mana lokacin nan tukuna, sai ka tafi."

Na ce, "Yaya, ka ajiye musu aikinsu mana! Da agogon aka haife ka?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba, auta. In na tafi a haka, mutane za su yi ta kwana a tasha."

Haka ya duƙufa. Ya bi duk lokutan da ke cikin manhajar, ya mayar da su kan agogo guda na duniya, manhajar kuma ta riƙa juya wa kowane fasinja zuwa agogon ƙasarsa. Ko fara tafiyar 'yarsa da ƙafafunta a waya ya gani. Ranar da aka gwada, ba wanda mota ta bari.

Manaja ya rungume shi a gaban kowa. "Mutum irinka a kai shi reshe? Haba! Daga yau kai ne shugaban sashe a nan hedikwata."

Ina zaune ya kira matarsa ya gaya mata. Ta ce, "To, Allah ya sanya alheri." Tun daga ranar ba ta sake tambayarsa yaushe zai zo ba.