Kumbon da Ya Sauka a Shafin Ƙarshe

A shekarun da ake gina madatsar Bakolori ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, kuma duk majalisarmu ni kaɗai na karanta littafin nan. Amma wallahi kowa ya fi ni bakin magana a kansa.

Kukun Turawan dam ne ya kawo mini shi, bangonsa duk maiƙo. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu za ta halaka, aka zuba su a kumbo za a kai su wata sabuwa. Daga wani wasan talabijin da Turawan ke kallo aka ciro shi. Bayan la'asar sai mu taru a rumfar wani mahauci, ina karantawa ina fassarawa.

Kuku ya ce littafin bai kama ƙafar talabijin ba. Ji mutum! Ta tagar kicin fa yake leƙe, rabin allo yake gani, ko kalma ɗaya ba ya ji. Mahauci kuwa tambayarsa guda ce: "Tsaya, malam, mi sunka ci?" Na ce ƙwayoyi suke haɗiya. Ya dangwarar da wuƙa ya ce mutanen da ba su yanka ai gara su halaka. Malamin zauren unguwarmu ya yanke hukuncin cewa ƙarya ce tsagwaronta, tunda ko alƙibla ba su nema. Sai dai shi ke fara shimfiɗa buzu, kuma ranar da na makara har gida ya biyo ni, wai ya zo yi mini nasiha.

Mutum ɗaya ne ba ya cewa uffan, kawuna, yayan mahaifiyata. Daga wani ƙauye na wajen Maradun yake zuwa ranar kasuwa. An riga an gaya musu ruwan dam zai cinye fadamarsu, za a mayar da su tudu. Yana da damin irin shinkafa da ya gada a wurin ubansa, yana sabunta shi kowace kaka. Ko a shekarar yunwa ba a taɓa shi, don a gidanmu wanda ya ci iri ya ci gobensa.

Ranar da na kai inda kumbo ya tashi, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, sun ɗauki iri?" Majalisa ta kwashe da dariya, kuku har da riƙe ciki. Na ce sun ɗauka, Kawu. Ya ce, "To madalla, ci gaba." Tun daga nan bai ƙara fashin kasuwa ba.

Da muka zo ƙarshe, kumbo ya sauka lafiya, aka buɗe ƙofa, kowa na murna. Na rufe littafi. Malamin zaure ya ce alhamdulillahi, sannan ya tuna shi ya ce ƙarya ce, ya yi tsaki.

Kawu ya ce, "Daminar hwarko fa?"

Na ce nan ya ƙare.

Ya ce, "Wanda ya rubuta wanga ba a taɓa tashinai ba. Ai nan labari ka hwarawa." Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko tsiren da mahauci ya miƙa masa bai karɓa ba.

An tashe su. Tudun da aka ba su tsakuwa ce zalla, shinkafa ba ta san ta ba. Bayan damina biyu na je gaishe shi, aka kawo mana tuwon shinkafa. Na ɗaga ido na ga igiyar da ake rataye damin tana lilo ba komai, nan take na gane irin ne muke ci, na janye hannuna. Har yau in na tuna dariyar nan ta majalisa sai raina ya ɓaci.

Kawu ya cinye nasa tas, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Littahin nan naka, akwai na biyu?"

Na ce babu.